RASIT A KAN GWANJO: ABIN DA NA KOYA A AMURKA GAME DA KYAUTA DA HARAJI

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ajin 1981, mazaunin ƙasar Amurka, ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya.



Mai girma Shugaban taro, Shugaban ƙungiyarmu da 'yan majalisarsa, Shugaban makaranta, iyayenmu malamai waɗanda Allah ya bar mana, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, musamman 'yan ajinmu da na hango sun haɗa kai a kujerun baya kamar yadda suka saba tun muna fom wan, ina yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro iyali lafiya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malamai da ɗalibai, Allah ya jiƙansu da rahama, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Bari in fara da faɗin yadda aka yi na tsaya a gabanku. Watanni huɗu da suka wuce Sakataren ƙungiya ya aiko mini da wasiƙa can birnin Kolambas na jihar Ohayo, inda nake zaune tun 1988 ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. A cikin wasiƙar ya bayyana mini halin da ɗakunan kwanan ɗalibai suke ciki, ya ce yara uku ke raba katifa biyu, waɗansu kuwa a kan tabarma suke kwana. Sa'an nan ya ce labari ya iso musu cewa a Amurka idan mutum ya kyautar da tsofaffin kayan gidansa, gwamnati takan mayar masa da kuɗinsu ta hanyar haraji. Saboda haka yana roƙo in tattara 'yan makarantarmu da ke can, kowa ya fito da gadaje da katifu da kwamfutocin da ya gama da su, mu cika kwantena guda mu aiko, tun da dai ba mu da asara, Bature ne zai biya. Na karanta wasiƙar nan sau biyu, na ga amsarta ta fi ƙarfin waya, shi ne na roƙi a ba ni minti ashirin a taron bana.

Labarin da Sakatare ya ji yana da tushe, sai dai ya sha hannu kafin ya iso nan. Zan yi ƙoƙari in warware shi gwargwadon abin da na gani da idona, har da abin kunyar da ya same ni a kansa, wanda ban taɓa faɗa wa kowa a cikinku ba.

Ga yadda harajin mutum yake tafiya a can. Duk ma'aikaci ana cire masa haraji daga albashinsa tun kafin ya shigo hannunsa, kamar dai yadda ake yi wa ma'aikatanmu a nan. Bambancin shi ne, kowace shekara, kafin ranar 15 ga Afrilu, tilas mutum ya cika takarda da kansa ya aika wa hukumar tara haraji ta ƙasa, wadda suke kira IRS, ya bayyana duk abin da ya samu a bara. Idan lissafi ya nuna an cire masa fiye da kima, sai a mayar masa da rara. Idan kuwa an cire ƙasa da kima, sai ya cika. To, kafin a yanka masa haraji, doka ta yarda ya ɗebe wani abu daga cikin kuɗin shigarsa, watau a ɗauka kamar bai samu wannan ɓangaren ba. Wannan ragi ƙofa biyu gare shi, kuma ɗaya kawai mutum zai bi. Ƙofa ta farko ita ce ragin bai-ɗaya, wani adadi da gwamnati ta yanke wa kowa, ba tambaya, ba takarda. Ta biyu ita ce ragin dalla-dalla, inda mutum zai jera abubuwan da ya kashe ɗaya bayan ɗaya a kan fom mai suna Schedule A: kuɗin ruwan bashin gida, harajin da ya biya jiharsa, kuɗin asibiti in ya yi yawa, da kuma kyautar da ya yi wa ƙungiyoyin taimakon jama'a. Maganar tsofaffin kayan gida a wannan ƙofa ta biyu take.

Dokar ba sabuwa ba ce. An kafa harajin kuɗin shiga na ƙasa a 1913, sa'an nan a 1917, lokacin da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya aka tsawwala haraji, majalisarsu ta ji tsoron kada masu hali su janye hannu daga makarantu da asibitoci da gidajen marayu, sai ta yarda a riƙa ɗebe kyauta daga abin da za a yi wa haraji. Su kuwa masu karɓar tsofaffin kaya sun ma girmi dokar. Salvation Army ta faro ne a London a 1865, Goodwill kuma wani limamin coci mai suna Edgar Helms ya kafa ta a Boston a 1902, yana bin unguwannin masu kuɗi yana tara kayan da suka gama da su, ya ɗauki talakawa aikin gyara su, a sayar a biya su lada. Har yau haka tsarin yake: ka ba su kaya, su sayar a kantunansu na gwanjo, kuɗin ya tafi ga koyar da sana'a da ciyar da marasa galihu.

Yanzu sai lissafi, kuma ina roƙon Malaminmu na Lissafi, wanda na ga yana zaune a sahun gaba, Allah ya ƙara masa lafiya, ya duba in na yi kuskure. A ce mutum yana cikin rukunin da ake karɓar kashi 22 cikin 100 a kan saman kuɗin shigarsa. Ya kyautar da kayan da darajarsu ta kai dala 1,000. Abin da zai ragu daga harajinsa shi ne dala 220 kacal. Sauran dala 780 daga jikinsa suka fita. Ka ga ke nan gwamnati ba ta sayen kayan kowa, tana dai ɗauke maka wani ɗan kaso na nauyin kyautar. Wanda duk ya ce maka ya ci riba da kyauta ta wannan hanya, to, akwai ƙarya a cikin takardarsa. Na san haka domin na taɓa zama wannan mutumin.

A farkon shekarar 2010, lokacin cika takardar harajin 2009, wani abokin aiki ya yi mini kwatancen wani mai cika wa mutane takardu, ya ce hannunsa yana da albarka, duk wanda ya je wurinsa sai ya dawo da rara mai kauri. Na je. Mutumin ya karɓe ni da fara'a, ya duba takarduna, ya ce, "Ba ka ba da kome sadaka bara ba?" Na ce na ba da. Gaskiya ne kuwa, domin wata Asabar na kwashi buhunan leda biyar na tufafin da yara suka fi ƙarfinsu, da waɗansu tsofaffin zannuwan gado da labule, na zuba su a cikin wani akwatin ƙarfe mai baki irin na gidan waya da ke filin ajiye motoci na wani kanti. Ba wanda ya gan ni, ba wanda ya ba ni rasit, ni ma ban ƙirga abin da ke ciki ba. Ya ce nawa za su yi? Na ce ban sani ba. Sai ya yi murmushi ya rubuta dala 4,800. Na ce anya? Ya ce kowa haka yake yi, kuma tun da bai kai 5,000 ba, ba mai waiwayarsa. Jama'a, na san abin da ke cikin buhunan nan. Ko a Ƙofar Wambai aka baje su ba za su yi dala 300 ba. Amma na yi shiru. Na sa hannu a ƙarƙashin layin da ke cewa na rantse abin da ke cikin takardar gaskiya ne, na kai gida uwargida ita ma ta sa hannu ba tare da ta karanta ba, domin takardar haɗin gwiwa ce ta miji da mata, kuma ta amince da ni. A wannan shekara ina rukunin kashi 25 cikin 100, saboda haka wannan layi ɗaya ya jawo mini ƙarin dala 1,200.

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni sai ga wasiƙa daga hukumar haraji, da sunana da na matata a kai. Ba zagi, ba barazana. Cewa kawai suka yi in aiko da shaidar kyautar nan: sunan ƙungiyar da ta karɓa, ranar da aka ba ta, jerin kayan, da yadda aka yi na gano darajarsu. Na zauna da wasiƙar nan a hannu, wallahi ba wanda ya faɗo mini a rai sai Malamin Lissafi. Duk wanda ya zauna a ajinsa ya san dokarsa: ko amsarka daidai ce, in ba ka nuna hanyar da ka bi ba, sifiri za ka samu. To, ni ga amsa ba daidai ba, ga babu hanya. Na nemi mai cika takardu, aka ce ya tashi daga ofishin. Ko da ma na same shi, doka a kan wanda ya sa hannu take. Na mayar da dala 1,200, na biya tarar kashi 20 cikin 100 a kai, da kuɗin ruwan watannin da suka shuɗe.

Kuɗin bai dame ni kamar maganar uwargida ba. Da na nuna mata wasiƙar, ta karanta a hankali, ta ɗago kai ta ce, "Malam, tsummokaran nan ne ka ce sun yi dala dubu huɗu da ɗari takwas? Kuma da sunana?" Ba ta ƙara kome ba. Mun yi shekara ashirin da aure a lokacin, ban taɓa jin na ƙanƙance a gabanta kamar ran nan ba. Ga shi kuma babbar 'yarmu tana aji na ƙarshe a sakandare, ita nake yi wa wa'azin gaskiya kullum.

Daga nan na nemi ƙasidun da hukumar take bugawa kyauta domin jama'a, masu lamba 526 da 561, na zauna na karanta su kamar mai shirin jarrabawa. Sharuɗɗan da na tarar guda huɗu ne, zan kawo su a taƙaice.

Na farko, wa ka ba? Sai ƙungiyar da ke da rajista da hukumar a matsayin ta taimakon jama'a, irin waɗanda ake kira da lambar sashen dokar da ya kafa su, watau 501(c)(3). Masallatai da coci-coci da makarantu da asibitocin da ba na neman riba ba duk suna ciki. Amma abin da ka ba mutum hannu da hannu ba ya shiga, kome talaucinsa. Kuɗin da muke aikowa gida na azumi da na makarantar 'ya'yan 'yan'uwa, ko sisinsa ba ya shiga. Haka nan lokacinka da ƙarfinka, in ka yi wa ƙungiya aikin sa kai, ba a yi musu kuɗi.

Na biyu, wane irin kaya? Tun daga 2006 doka ta ce tufafi da kayan gida, watau kujeru da gadaje da kayan wuta da zannuwa da makamantansu, tilas su kasance masu sauran amfani sosai. Riga mai huji, kujera mai ƙafa uku, talabijin da ya mutu, duk ba su da ragi. Abin da ya jawo dokar shi ne mutane sun mai da ƙungiyoyin nan juji, suna zubar da shara suna kiranta sadaka, har ƙungiyoyin na kashe kuɗi wajen kwashe ta.

Na uku, nawa ne darajarsa? A nan ne yawancin mutane suke zamewa. Ba a duba abin da ka saya da shi. Abin da ake dubawa shi ne nawa mai saye zai biya yau a kantin gwanjo, ba tare da an tilasta wa mai saye ko mai sayarwa ba. Kwat ɗin da ka saya dala 300 wataƙila dala 25 zai yi. Manyan ƙungiyoyin sukan buga jerin farashin da suke sayar da kaya domin mutum ya gwada da shi, amma ba za su rubuta maka daraja a kan rasit ba. Wannan kai za ka rubuta da hannunka, amanar a wuyanka take.

Na huɗu, ina shaidarka? Matakai ne. Kyautar da ba ta kai dala 250 ba, rasit ya isa, in kuwa a akwatin da ba mai tsaro ka zuba, sai ka ajiye naka rubutaccen jeri da kwanan wata. Daga dala 250 zuwa sama, sai da takarda daga ƙungiyar mai bayyana kayan, mai kuma faɗin ko sun ba ka wani abu a madadinsu, kuma tilas ta kasance a hannunka kafin ka aika takardar harajinka. Idan jimlar kayan shekara ta wuce dala 500, akwai ƙarin fom mai lamba 8283. Idan kuwa abu ɗaya, ko tarin abubuwa iri ɗaya, ya wuce dala 5,000, sai ka ɗauko ƙwararren mai yi wa kaya kuɗi ya rubuta rahoto ya sa hannu. Yanzu kun gane dalilin da ya sa mutumina ya tsaya a 4,800. Mota ma tana da nata hukunci: tun 2005, in darajarta ta wuce dala 500, galibi abin da ƙungiyar ta sayar da ita shi ne ragin da za ka samu. Takardun nan duka a adana su aƙalla shekara 3.

Don kada ku ce ni kaɗai ne, a 2017 kotun haraji ta Amurka ta yanke hukunci a kan waɗansu mata da miji da suka ce sun kyautar da kaya fiye da guda 20,000 a cikin shekara ɗaya, suka nemi ragin sama da dala 140,000. Abin da aka bar musu dala 250 ne, aka kuma ɗora musu tara. Manya ma ba su tsira daga dariyar jama'a ba. A 1993 jaridun ƙasar suka tono cewa Shugaba Bill Clinton, tun yana gwamnan jihar Arkansas, ya taɓa jera tsofaffin kamfansa a cikin kayan da ya kyautar, ya yi wa kowane ɗaya kuɗi dala 2. An daɗe ana yi masa ba'a a kai. Ni dai da na ji labarin, cewa na yi ya fi ni, domin shi aƙalla ya ƙirga.

A shekarar 2023 dama ta sake zuwa. Yara sun watse, kowa ya kama gabansa, gida ya yi mana girma, muka yanke shawarar mu sayar mu koma ƙarami, mu riƙa raba shekara tsakanin can da nan. Kayan shekara talatin suka taru a gareji da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wannan karon uwargida ce ta riƙe littafi da biro. Muka yi sati uku muna tsincewa. Ta kafa doka tata wadda ta fi ta gwamnati tsanani, ta ce duk abin da ba za ta iya miƙa wa ƙanwarta ba tare da jin kunya ba, ba za a miƙa wa baƙo ba. Abin da ya faɗi wannan jarrabawa muka biya aka kwashe zuwa juji. Sauran kuwa kowanne aka ɗauki hotonsa, aka rubuta shi, aka sa masa farashin kantin gwanjo. Kushin ɗin da muka saya dala 1,200 aka rubuta masa 120. Teburin cin abinci da kujeru shida, inda yaran nan suka yi karatun dare tun daga firamare, dala 150. Da muka zo kan gadon autanmu sai na ga biro ya tsaya, uwargida tana share ido da bakin mayafi. Aka dai rubuta dala 40. Motar ƙungiya ta zo ta kwashe, suka ba mu takarda mai kwanan wata da sa hannu. Jimla ta tashi dala 2,300, kuma babu kwabo ɗaya a ciki da ba zan iya karewa ba.

To, ga inda abin dariyar yake. Da lokacin cika takarda ya zo, sai muka tarar ba mu da ragin ko sisi. Dalili kuwa, dokar da aka yi a ƙarshen 2017 ta kusa ninka ragin bai-ɗaya, daga dala 12,700 ga miji da mata a 2017 zuwa 24,000 a 2018, ya kuma ci gaba da hawa har ya kai 27,700 a 2023. Mu kuwa mun gama biyan bashin gida, duk abin da za mu jera dalla-dalla, har da kayan nan, bai kai wannan adadi ba. Sai muka bi ƙofa ta farko kamar kowa. Tun bayan wannan doka kusan mutum 9 cikin 10 ta nan suke bi, ma'ana yawancin masu kai kaya ga ƙungiyoyin nan ba sa samun ragin kome a kansu. Wata sabuwar doka ta Yulin 2025 ta ba masu bin ƙofa ta farko damar ɗebe har dala 1,000 ga mutum ɗaya, ko 2,000 ga miji da mata, daga shekarar 2026, amma na tsabar kuɗi ne kawai, ban da kaya. Masu jerawa dalla-dalla kuma ta ce musu rabin kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarsu na farko da suka kyautar ba ya cikin lissafi. Na ce wa uwargida ashe mun sha wahalar rubutu a banza. Ta ce, "Wancan karon ka samu kuɗi ka rasa barci, wannan karon fa?" Na yi shiru, domin lalle na yi barci. Littafin nan yana nan a wurinta, ta ƙi yarda a yar.

Wani abu kuma da ya kamata ku sani, kantunan ƙungiyoyin nan ba sa iya sayar da duk tufafin da ake kai musu. Rarar sukan sayar wa 'yan kasuwa a kan awo, a ɗaure ta dila-dila a yi jirgin ruwa da ita zuwa ƙasashe irin namu. Shekaranjiya na ratsa ta wajen masu gwanjo na ga wani yaro sanye da riga mai sunan wata makarantar sakandare ta jihar Ohayo. Watau kayan Amurka da Sakatare yake so mu aiko, wani ɓangarensu ya daɗe da isowa, da kuɗinmu muke saye.

Yanzu sai amsar wasiƙa. Ranka ya daɗe Sakatare, kyautar da mazaunin Amurka ya aiko wa makarantar nan kai tsaye ba ta da ragin haraji ko kaɗan, domin dokar ba ta san ƙungiyoyin ƙasashen waje ba, in ban da waɗansu na Kanada da Meziko da Isra'ila da ke da yarjejeniya ta musamman. Hanya ɗaya ita ce mu kafa ƙungiya mai rajista a can, wadda ita ke da iko da abin da aka tara, mai cika nata takardu kowace shekara. Mu da ke can ba mu kai goma sha biyu ba, kuma na riga na nuna muku yawancinmu ba za su amfana da ragin ba ko da an kafa ta. Ban da wannan, ga kuɗin jirgin ruwa, ga kwastan, ga mota daga Legas, ga shi wutar lantarkinmu kusan ninkin tasu ce, kayan wutarsu da yawa sai da taransifoma. Kuɗin da za a kashe a kawo tsohon gado daga Ohayo ya isa mai walda na bakin tasha ya ƙera sababbi, shi ma ya ci abinci. Na yi magana da 'yan'uwa da ke can kafin in taso, mun amince kuɗi za mu aiko, ba tare da jiran wani ya rage mana kome ba. Namu gudummawar ta farko ita ce gado mai hawa biyu guda 30 da katifunsu, kuma takardar alkawarin tana hannun Ma'aji.

Amma akwai sharaɗi, kuma shi ne abin da nake so mu aro daga waccan ƙasa. Waɗanda suka yi zamani da mu za su tuna da Baba Sitokifa, Allah ya jiƙansa. Ranar da ka shigo makarantar nan zai ba ka bargo ɗaya, kwano ɗaya, cokali ɗaya, bokiti ɗaya, ya rubuta a babban littafinsa ka sa hannu. Ranar hutu kuma ba ka ganin kuɗin mota sai ka mayar. Mun sha yi masa tsiya a bayan idonsa, amma a zamaninsa ba a taɓa cewa yaro ya kwana ba bargo ba. A shekarun nan tsofaffin ɗalibai sun kawo wa makarantar nan kaya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yau in aka tambaye mu me aka kawo, wa ya karɓa, ina yake, ba mu da amsa a rubuce. Ban zargi kowa ba, rashin littafi ne ya jawo, kuma rashin littafi yakan sa a zargi mai gaskiya, ya kuma sanyaya gwiwar mai niyyar bayarwa.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Ɗaya, ƙungiya ta buɗe littafin kyauta, duk abin da aka kawo a rubuta shi da adadinsa da halin da yake ciki, a ba mai kawowa rasit da sa hannun Ma'aji da na Shugaban makaranta. Biyu, kada a karɓi abin da mai shi ba zai iya ba ɗansa ba. Yaran nan ƙannenmu ne da jikokinmu. Uku, kowace shekara a ƙirga kayan a buga jerin a mujallarmu. Na san akwai masu cewa rubuta kyauta yana rage mata lada, an kuma koya mana tun muna yara cewa alherin da aka ɓoye ya fi. Wanda yake son a ɓoye sunansa a ɓoye, a rubuta wani bawan Allah. Sunan mai bayarwa hakkinsa ne. Adadin gadajen kuwa hakkin yaran da za su kwanta a kai ne, shi ba a ɓoye shi.

Daga ƙarshe, ina godiya ga Shugaban taro da ya yi haƙuri na zarce lokacina, da Sakatare wanda wasiƙarsa ta sa na amayar da abin da na daɗe ina ɓoyewa. Malamin Lissafi kuma, ranka ya daɗe, ga ɗalibinka ya nuna hanyar da ya bi, ko da yake ya makara da shekara 40 da ɗoriya, sai a duba a ba shi abin da ya samu.